Ludayin magana: yadda aikinmu da yaran unguwa ke tafiya a Garwa

Laraba, 18 ga Satumba, 2024

Yau muka buɗe zaman koya wa yaran unguwa magana a gaban mutane ba tsoro, kwana tara da komawar yara makaranta. Kawu ne ya ba mu zaurensa na waje, wanda tun da ya bar sayar da goro ba a shigarsa sai don ajiye buhunan wofi. Na share saƙar gizo, na yayyafa ruwa, na shimfiɗa tabarmi uku. Yara 11 suka zo, mata 7 da maza 4, daga 'yan ajin CP zuwa CE2, wato aji biyu zuwa aji huɗu na firamare.

Autarmu ce silar wannan aiki. A gida bakinta ba ya hutawa, har Inna kan ce mata rediyo mai jini. Bara na je ɗauko ta, na tsaya bakin taga, sai na ji malamin aji ya jefa tambaya a kan lissafin da ni da kaina na bita da ita da daddare. Ta san amsar kamar yunwar cikinta. Ina kallo ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi har aka wuce ta. A hanya na tambaye ta, ta ce: "Adda, in na faɗa ba daidai ba dariya za su yi mini."

Ɗan Bahaushe a Garwa, a arewacin Kamaru, da Hausa yake tashi a cikin gida, da Fulatanci a layi da kasuwa. Ranar da ya shiga ajin SIL, wato ajin farko na firamare, sai a ce daga yau Faransanci kawai. Yaron da ya riƙe harshe biyu tun bai kai shekara shida ba, shi ake kallo a ce ba shi da kai don ya yi shiru a na uku. Ni ma na sha wannan. A lokacinmu akwai guntun katako da ake rataya wa duk wanda aka kama yana yaren gida a makaranta, simbol muke ce masa. Sau biyu na wuni da shi a wuya, daga nan na ɗauka rufe baki shi ne zaman lafiya. Ɗinki ne sana'ata, ban yi karatun koyarwa ba, amma wannan ciwon na san shi.

Ba zan rubuta sunan kowane yaro ba, sai dai alamar da zan gane shi da ita.

Laraba, 25 ga Satumba

Yara huɗu kacal. Na zaɓi Laraba don boko na tashi da wuri, ban lissafa makarantar allo ba. Bayan magariba na je na durƙusa gaban Malam.

"Allah gafarta Malam, na shiga lokacinku ban nemi izini ba."

Ya ce ai Alhamis da Juma'a allo na hutu, in ɗauki yammacin Alhamis. Sannan ya tambaye ni me zan koya musu. Na ce magana. Ya yi murmushi ya ce yaran da sai ya ɗaga murya kafin su yi shiru? Na ce waɗannan ɗin dai, in aka ce ɗaya ya miƙe shi kaɗai sai bakin ya mutu. Ya jinjina kai, ya sa mana albarka. Mun koma Alhamis bayan la'asar.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Yara 16. Na ɗauko tsohon ludayin duma na Inna, na ce wanda yake riƙe da shi shi kaɗai ke magana, saura kunne ne nasu, har da ni. Dokokinmu uku: ba a katse mai ludayi, ba a yi wa kuskure dariya, ba duka. In ludayi ya zo hannunka ba ka shirya ba, ka miƙa wa na kusa, babu wanda zai ce don me.

Da kacici-kacici muka fara. Na ce ƙulin ƙulifita, suka amsa gauta baki ɗaya, har Kawu ya leƙo. Baba na ɗaka gemu na waje, nan take suka ce hayaƙi. Shanun gidanmu dubu madaurinsu ɗaya ya ba su wuya, sai wata ƙarama ta nuna tsintsiyar da ke jingine a lungu ba ta ce uffan ba. Na karɓa mata a matsayin amsa.

Da na ce ga ta nan ga ta nanku, wani ɗan CE1, wato aji uku, ya zaro ido ya ce kakarsa ta hana tatsuniya da rana, mutum ɓata yake yi. Na miƙa masa ludayi ya yi mana bayanin duk abin da kakar ta faɗa. Ya yi minti biyu yana magana a tsaye, bai ma san ya yi ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Ruwan ƙarshen damina ya sauko tun azahar, zaure ya yi yoyo ta kusurwar gabas. Ba mu zauna ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Yau na yi ɓarna. Akwai yarinya mai jan takalmin roba, zama uku ke nan tana karɓar ludayi ta miƙa gaba. Na ga kusan kowa ya yi magana ban da ita, na ƙagu. Na ce yau kam sai ta faɗa mana ko da sunan unguwarsu ne, na kama hannunta na tsayar da ita a tsakiya. Ta tsaya ludayi na rawa a hannunta, ido goma sha biyar biyu-biyu a kanta. Wani ya yi ƙyaƙyacin dariya. Ta saki ludayin, ta fita da gudu ba takalmi ɗaya.

Ni na kafa dokar cewa ba dole, ni na fara karya ta. Abin da aka yi mini da katako shi na yi mata da ludayi. Takalmin yana nan wurina. Daren nan ban iya taɓa keken ɗinki ba.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Ranar Asabar na kai takalmin gidansu. Na gaida mahaifiyar, sannan na tsuguna daidai tsayin yarinyar na ce mata ban kyauta ba, ta yafe mini. Uwar ta ce haba, babba ke ba yaro haƙuri? Na ce in ban ba ta ba, da wane baki zan ce musu kuskure ba abin tsoro ba ne.

Yau ta dawo. Na ba ta aikin da ba ya buƙatar baki: ita ke zagayawa da ludayi tana miƙa wa wanda ya ɗaga hannu. Sau goma sha wani abu tana tsayawa a tsakiyar fili, kuma ba ta gudu ba.

Wata maƙwabciya ta zo taya ni, da tsumagiya a hannu, wai don masu surutu. Na roƙe ta ta bar ta a waje. Ko a boko, dokar ilimi ta ƙasar nan ta 1998 ta hana dukan ɗalibi, balle wurin da aka buɗe don cire tsoro. Ta ajiye, ta zauna har aka tashi.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Wannan makon ya fi kowane nauyi, kuma shi ya gyara mini tafiya.

Ranar Talata wani mahaifi ya aiko a kira ni zauren Kawu. Mutum ne mai mutunci, mahauci a babbar kasuwa. Ya ce ya yi baƙi, 'yarsa ta kawo ruwa, maimakon ta durƙusa ta ajiye ta fita, sai ta tsaya ƙerere tana kallon baƙon cikin ido, har ta sa baki a zancen manya. Da ya tsawata mata ta ce Adda ce ta ce a dinga kallon mutum in ana magana. Ya ce: "'Yata, ni ban ƙi karatu ba. Amma in fitsara za ki koya musu, a bar mini tawa a gida."

Na ce: "Baba, gaskiyarku ne, ni na faɗa musu haka." A bidiyoyin Faransanci da nake kallo a waya na tsinto wannan, inda ake cewa mai ƙarfin hali shi ne mai kallon tsakiyar ido. Na kwaso shi ɗungurungum ban auna shi da gidajenmu ba. A wurinmu yaron da ya kafe babba da ido ba jarumi ba ne, marar tarbiyya ne, kuma ni kaina ba na yi wa Kawu haka.

Kawu yana gefe yana jan carbi, sai ya ce: tsoro na daji, kunya na gida. Tun ranar nake juya maganar. Abin da ya rufe bakin autarmu a aji ba kunya ba ce. Mai kunya takan sadda kai amma ta ba da amsa, muryarta ta fita. Mai tsoro kuwa amsar na bakinta ta haɗiye. Tsoron ne ya baro daji ya shigo aji, shi muke kora. Kunyar kuwa tamu ce, ba na son ko ɗaya ya bar ta a zauren nan.

Yau na gaya wa yara na yi musu gyara. Mun yi wasan baƙo da mai gida: sallama, durƙusawa, gaisuwa har a tambayi gajiya da iyali, sannan in akwai magana a ce "Baba, in faɗi wani abu?" a jira izini. In an ba ka, ka ɗaga murya yadda na bakin ƙofa zai ji, ka gama zancenka kada ka yanke shi a tsakiya. Ido kuwa, sa'anka ka kalle shi, babba ka rusuna masa. Mahaucin ya bar 'yarsa ta ci gaba da zuwa.

Alhamis, 12 ga Disamba

Mun samu mataimaki, ɗan maƙwabtanmu da ke karatu a jami'ar Garwa. Yara na ce masa Yaya. Shi ya gano abin da ya fi ƙarfina game da yaro mai in'ina, wanda in ya fara kalma sai ya runtse ido yana buga ƙafa kafin ta fito. Yaya ya ce ya ji shi a makarantar allo yana biya karatu tiryan-tiryan, ko sau ɗaya bai sarƙe ba. In da rauji a maganar, harshen yakan sake.

Sai ya kawo totuwar masara ya ce makirufo ce, za a yi sharhin ƙwallo irin na rediyo. Nan maza suka rikice, kowa na son ya ba da labarin ƙwallon da Vincent Aboubakar ya ci Barazil da ka a gasar cin kofin duniya ta 2022, ana dab da tashi, ya tuɓe riga alƙali ya ba shi jan kati. Yaran nan sun san ɗan garin nan ne, a ƙungiyar ƙwallo ta Coton Sport ya taso, suna faɗin sunansa kamar yayansu. Mai in'ina ya karɓi totuwa, ya ja murya irin ta masu sharhi, ya kai ƙwallo tun daga tsakiyar fili har raga. Sau biyu kawai ya tsaya. Ba wanda ya ƙarasa masa kalma, don mun riga mun yi wannan yarjejeniya.

In'inar ba ta tafi ba, da ya ajiye totuwa ta dawo. Amma yanzu in ta kama shi ba ya zama, yakan jira ta sake shi ya ci gaba.

Alhamis, 9 ga Janairu, 2025

Hazo da sanyi, rabin yara na tari. Mun rufe ƙofar zaure da buhu. Lissafin kuɗi: iyaye shida ke ba da sefa 100 a mako, da shi muke sayen alli da sukarin zoɓo, wanda a nan muke ce wa folere. Kwanon rufi da ke yoyo Kawu ya ce shi zai gyara kafin damina.

Mun rasa yarinya ɗaya, mai wayo ƙwarai, wadda ta fi kowa iya "da kwaɗo da ƙato" ba tare da harshe ya harɗe ba. An ɗora mata tallan ƙosai da yamma. Tun shekarar 2000 aka ce firamaren gwamnati kyauta ce, amma kuɗin ƙungiyar iyaye da littattafai da yunifom suna nan, kuma daga farantin nan suke fita. Ban iya ce wa uwar komai ba. Na dai roƙa in ta sayar da wuri ta biyo ta nan.

Alhamis, 30 ga Janairu

Sai yau muka shigo da Faransanci, bayan wata huɗu. Da gangan na jinkirta. Tsarin shi ne yaro ya faɗi abinsa da Hausa tukuna, ko da Fulatanci, don muna da 'ya'yan maƙwabta uku da shi ne harshensu. In ya gama, an tafa masa, sai ya zaɓi jimla ɗaya tak ya maimaita da Faransanci, Yaya na taya shi. Wanda ya riga ya ga an saurare shi, ba ya jin kuskuren harshe na biyu kamar faɗuwa a rijiya.

Mun kuma koyi jimloli biyu da ba a koya mana ba muna yara: yadda za ka ce wa malami ban gane ba, da yadda za ka roƙe shi ya maimaita. Mun yi ta faɗinsu da ƙarfi har suka zama kamar waƙa.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Shekaranjiya aka yi bikin matasa na 11 ga Fabrairu. Kowa ya zo da labarin fareti, wa ya ɓata sahu, wa takalminsa ya cire. Ludayi ya zagaya sau biyu, mun kai kiran magariba. Ɗan CE1 mai kakar nan ya ce malaminsu ya zaɓe shi ya yi hadda a gaban makaranta cikin makon bikin, kuma ƙafarsa ta yi rawa amma ya kai ƙarshe.

Mai jan takalmi ta miƙa wa kowa, da ta zo ƙarshe ba ta ajiye ludayin ba. Ta riƙe shi da hannu biyu, ta ce: "Ni ma na ga doki." Kalma biyar. Na yi wa yara alama da ido kada su yi ihu, muka ce mata wane launi, ta ce fari. Sannan ta zauna. Sai da na je gida na yi kukana.

Alhamis, 13 ga Maris

Azumi ya zo cikin zafi, mun rage zama zuwa rabin awa. Goggo, wadda iyayenta daga Kano suka zo fatauci suka zauna, ta ce me ya sa ba za mu tayar da tashe ba, tunda goma ga wata ta wuce. Ta ce suna yara har gidan mai unguwa suke zuwa, yanzu yara sun fi sanin waya. Ita ta koya musu na tsoho mai gemu da na mai magani, tana zaune a kan kujera 'yar tsugune tana buga gwangwani.

Auduga ba ta yi mana wuya a garin nan. Muka liƙa wa wani yaro gemu da ita, muka sa masa tsohuwar rigar Kawu da sanda. Yaron da in ka gaishe shi sai ya ɓuya bayan yayarsa, shi ne ya dinga tafiya a duƙe yana tari yana roƙon a taimaki tsoho, murya har layi na biyu. Da gemun a fuskarsa gani yake ba shi ake kallo ba. Gida huɗu muka shiga bayan asham, duk na iyayen yaran, Yaya na gaba da tocila. An ba su gero da sukari da 'yan canji. Mahaucin nan ya ba su sefa 500, ya tsaya a ƙofa yana dariya har suka ƙule.

Bayan salla zan ɗinka riguna uku na wasa daga ƙyallayen da suka rage mini: ta malamin asibiti, ta mai shago, ta direba.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Zafi ya wuce digiri 40, zaure ya zama tanda. Mun koma ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, da randa a gefe. Yara 22 yanzu, sun fi ƙarfin mutum biyu, ludayi ba ya kaiwa ga kowa. Daga mako mai zuwa za mu raba su gida biyu, ƙanana wurina, manya wurin Yaya.

Akwai yaro ɗaya da wata bakwai ke nan bai ce komai ba, kuma duk dabarata ta ƙare a kansa. Maƙwabciyar nan mai tsumagiya, wadda yanzu ba ta fashin zuwa, ita ta lura kullum kunnen hagu yake juyowa, kuma in an yi magana ta bayansa ba ya waiwaye. Na daɗe ina ɗaukar shirunsa tsoro ne, ashe wataƙila ba ya jin mu ne sosai. Mun yi wa mahaifiyarsa magana a hankali, ta ce yana ƙarami kunnen ya sha zubar da ruwa. Ta yarda za a kai shi asibiti a duba. Kafin nan mun matso da shi gaba, kuma duk mai ludayi zai fuskance shi.

Alhamis, 8 ga Mayu

Wata malamar CE1 ta biyo ta nan da kanta. Ta ce ta ga yara uku a ajinta sun fara ɗaga hannu suna cewa ba su gane ba, ta bi sawu har ta gano daga inda abin ya fito. Ta ce da yara sun fi 80 a gabanta, ba ta da sararin jiran mai jinkiri, amma za ta gwada ba su minti biyar na magana kowace safiya. Ta tambayi inda ake samun ludayi irin namu.

Mai tallan ƙosai ta leƙo sau biyu a watan nan da farantinta a ka. Yaron kunne an ba su ranar komawa asibiti, muna jira. Kwanon zaure bai gyaru ba tukuna, ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas.

Muna shirin zaman iyaye kafin a ba da babban hutu: tatsuniya biyu, sharhin ƙwallo, wasan baƙo da mai gida. Malam ya ce zai zo ya buɗe da addu'a. Ana buƙatar yaro ɗaya da zai yi wa iyaye sallama da maraba, na tambaya wa zai yi. Hannu biyar suka tashi, na mai jan takalmi na ciki, bai wuce kafaɗarta ba. Na ce ta fara shawartar babanta, ranar Alhamis ta kawo mini amsa.